Sake ɗura harsashin bindiga a gida: rangwame ne ko kasada?

"Assalamu alaikum Malam. Ina da bindigar farauta mai lasisi, mai cin harsashin .308 Winchester, kuma a ƙasar da nake zaune doka ta yarda mutum ya haɗa harsashinsa da hannunsa. Duk ranar da na je filin harbi sai in ga wasu dattawa suna tsince kwanson da suka harba suna zubawa a jaka, suka ce gida za su kai su sake ɗurawa. Ni kuwa kuɗin harsashi ya fara cin aljihuna. Shin in na shiga wannan harka zan rage kashe kuɗi? Kuma ba za a wayi gari bindigar ta fashe mini a fuska ba?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayarka biyu ce a dunƙule, ta kuɗi da ta rai, kuma ta biyun ta fi nauyi, don haka a kanta zan fi daɗewa. Kuɗin kowane harsashi guda zai ragu, amma da wuya abin da ke fita daga aljihunka a shekara ya ragu. Haɗari kuma yana nan, sai dai kusan dukkansa daga hannun mai aikin yake fitowa. Wannan aiki ne na awo da natsuwa, kuma wanda ya shige shi don neman araha kawai shi ne ya fi ba ni tsoro, domin mai neman araha yakan so ya gama da wuri.

Abin da ke cikin harsashi

Abin da muke kira harsashi abubuwa huɗu ne a haɗe. Akwai kwanso, akwai albarushi a cikinsa, akwai ƙwayar da ke fita ta tafi, sannan a gindin kwanson akwai wani ɗan ƙaramin kofi da ake kira firaima, wanda allurar bindiga ke bugawa ya watsa tartsatsi cikin albarushin. In ka harba, uku sun tafi ke nan, kwanso kaɗai ke saura a ƙasa. To shi kwanson nan shi ne mafi tsada a cikin huɗun, shi ya sa dattawan da ka gani ba sa barinsa. Da tagulla ake yinsa, kashi 70 jan ƙarfe, kashi 30 zinki, kuma an zaɓi wannan haɗin ne saboda halinsa. Lokacin harbi yakan buɗe ya manne da bangon mazaunin harsashi ya toshe hanyar gas ta baya, da matsin ya sauka kuma sai ya ɗan tsuke, ya saku, a iya zare shi. Aikin mai sake ɗurawa shi ne ya mayar da wannan kwanso siffarsa ta asali, ya cire tsohon firaima ya sa sabo, ya auna albarushi, ya dasa sabuwar ƙwaya.

Sai dai ba kowane kwanso ke karɓar wannan ba. Na ƙarfe da na alminiyam ba a wahala da su. Ƙaramin harsashin nan .22 da ake bugawa a gefen gindi shi ma a bar shi. Sannan firaima iri biyu ne, kuma duka a 1866 aka yi musu rajista: na Edward Boxer, hafsan sojan Ingila, da na Hiram Berdan, Ba'amurke. Na Boxer rami guda ne a tsakiyar gindin kwanso, tsinke ke shiga ta ciki ya ture tsohon firaima cikin sauƙi. Na Berdan yawanci ƙananan ramuka biyu ne a gefe, in ka kuskura ka matsa shi a na'urarka tsinken ne zai karye. Tsarin Baturen Ingila shi ya samu karɓuwa a Amurka, na Ba'amurken kuma ya bazu a harsasan sojojin Turai. Kafin ka fara aiki da kowane kwanso, haska cikinsa da tocila ka ƙirga ramukan.

Harkar ba sabuwa ba ce. Mafarautan ɓauna a Amurka a shekarun 1870 sukan zauna da dare su sake ɗura kwansonsu, domin kanti ya yi musu nisa. John Barlow ya kafa kamfanin Ideal a 1884 yana ƙera kayan wannan aiki, kamfanin Lyman ya karɓe shi a 1925. A cikin 1884 ɗin ne kuma Paul Vieille a Faransa ya fito da albarushi marar hayaƙi, wanda ya sauya komai, domin ƙarfinsa ya ninka na baƙin albarushi, kuskuren awo kuma ya zama abin da ba a yafewa. Ƙarancin kaya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya haifar da kamfanin RCBS mai ƙera kayan wannan aiki a 1943 a hannun Fred Huntington, bayan yaƙin kuma Bruce Hodgdon ya fara sayar da rarar albarushin soja a 1947. Daga nan abin ya zama sha'awar jama'a da yawa.

Maganar kuɗi

Lissafin yana da sauƙi. Tun da ba ka sake sayen kwanso, kowane harbi zai zo maka da sauƙi fiye da na kanti. Amma kafin ka haɗa harsashi na farko sai ka sayi na'urar matsa, da mazuban gyaran kwanso na .308, da sikeli, da ma'aunin tsawo, da abin datse baki, da man shafawa, da littafin awo. Sai ka harba ɗaruruwa kafin rangwamen ya biya kuɗin waɗannan. Wanda ke harba akwati ɗaya ko biyu a shekara, lokacin farauta kawai, ba zai taɓa mayar da kuɗinsa ba, gara ya ci gaba da saye. Kuma .308 harsashi ne da ake samu ko'ina tun fitowarsa a 1952, don haka tazarar da ke tsakanin na gida da na kanti ba ta kai ta manyan harsasai ko tsofaffin da aka daina bugawa ba. Mai tsohuwar bindigar gado wadda harsashinta ya ɓace a kasuwa, shi kam wannan ce kaɗai hanyarsa.

Abin da na gani a wurin kusan duk wanda ya fara shi ne, da harsashi ya yi sauƙi sai harbin ya ƙaru. Kuɗin da ka ce za ka adana ya koma cikin gwaji. Ni ban ɗauki wannan asara ba, domin yawan harbi da lura shi ke gyara hannu, amma kada ka shiga da tunanin za ka ga rara. Kada kuma ka ɗauka ka tsira daga ƙarancin kaya. A 2020 da 2021 firaima ya yi wuyar samu a Amurka, masu na'urori cike da ɗaki suka zauna ba aiki.

Ainihin ribar

Kamfani yana buga harsashi ne don ya shiga kowace bindigar .308 da ke duniya, sabuwa da tsohuwa, mai matsattsen mazauni da mai sakakke. Kai kuwa bindiga ɗaya kake yi wa. Duk lokacin da aka harba, bututun bindiga yakan yi rawa, rawar da ido ba ya gani, kuma inda bakinsa yake a daidai lokacin da ƙwaya ta fita shi ke nuna inda za ta sauka. Nauyin ƙwaya, irin albarushi, yawansa, da zurfin da aka dasa ƙwayar a kwanso, duk suna sauya wannan lokaci. Mai haɗa nasa yana iya juya waɗannan ɗaya bayan ɗaya har ya samu haɗin da bututunsa ke so. Maharba suna auna wannan da abin da suke kira MOA, wato kusan santimita 2.9 a nisan mita 100. Bindigar farauta da ke tara harbinta cikin wannan faɗi ta yi kyau ƙwarai, kuma na sha ganin bindigar da ake yi wa kallon marar saiti ta natsu bayan an samo mata abin da ya dace da ita.

A nan sai na ja kunnenka kan abu guda. Harbi uku da suka taru wuri ɗaya ba hujja ba ne, sa'a ma tana iya kawo haka. Ni ba na yarda da haɗi sai na harba shi sau da yawa, a ranaku daban-daban, na ga halinsa bai sauya ba. Gaskiya kuma ita ce harsashin kanti mai kyau a yau ya inganta sosai, tazarar ba ta kai ta zamanin da ba. Mafarauci mai harbin barewa a nisan mita 150 ba lalle ya ga bambanci a nama ba. Wanda ke harbin gasa ko na nesa shi ke gani.

Inda haɗarin yake

Harsashin .308 an ƙayyade masa iyakar matsi ta fam 62,000 a kan kowane inci murabba'i, bisa ƙa'idar SAAMI, ƙungiyar masu ƙera bindigogi da harsasai ta Amurka da aka kafa a 1926. A Turai hukumar CIP ce ke wannan aiki. Wannan matsi yana tashi ne 'yan santimitoci daga idonka, kuma abin da ke tsakaninku shi ne ƙarfen sakata, wato abin da ke rufe harsashi ta baya a cikin bindiga, da siririn kwanson tagulla. Ba ka da na'urar auna shi a gida. Kamfanonin albarushi da na ƙwaya da na kayan wannan aiki, irin su Hodgdon da Hornady da Sierra da Speer da Lyman, su ke da ita, kuma abin da suka auna shi suke bugawa a littattafan awo. Ga kowace ƙwaya da kowane albarushi za ka ga adadin farawa da adadin ƙarshe. Daga na farawa ake tashi, a ƙara kaɗan-kaɗan ana duba kwanso, ba a kuma tsallake na ƙarshe ko da wa ya ce ya gwada lafiya. Sauka ƙasa da na farawa ma ba aminci ba ne, musamman da albarushi mai jinkirin ci, domin wutar ba ta kamawa daidai. Awon albarushi da wani ma'auni mai suna giren ake yinsa, giren ɗaya kuwa bai wuce giram 0.065 ba, kuma kusa da iyaka giren ɗaya yana iya tura ka waje.

Kuskuren da ya fi kowanne muni shi ne zuba albarushin da ba shi ba. Albarushin ƙaramar bindiga yana ci da sauri, na doguwar bindiga yana ci a hankali yana bin ƙwaya har ƙarshen bututu. In aka cika kwanson .308 da na ƙaramar bindiga, bindigar ba za ta ɗauka ba, tarwatsewa za ta yi. Da ido ba ka iya rarrabe su da tabbaci. Sunayen ma suna ruɗi: akwai IMR 4350, akwai H4350, akwai Accurate 4350, lamba ɗaya amma kowanne da awonsa, haka IMR 4895 da H4895. Dokata a kan teburi ita ce gwangwani ɗaya kaɗai ke fitowa a lokaci guda, sunansa yana kallona, in na gama in mayar da ragowar cikinsa nan take kafin in taɓa wani. Albarushin da aka ba ka a kwalba ba suna, ko aka ce ragowar wani mamaci ne a buɗaɗɗen gwangwani, kada ka yi amfani da shi.

Na biyu shi ne kwanson da aka manta ba a zuba masa komai ba. Firaima shi kaɗai yana da ƙarfin tura ƙwaya ta shiga bututu ta maƙale. Maharbi ya ji ƙara 'yar ƙarama, ya ɗauka harsashin ne bai tashi ba, ya ja sakata ya sa wani, ya harba a bayan wanda ya toshe hanya. Nan bututu ke kumbura ko ya tsage. Maganinsa a gida yake farawa: in na gama zuba albarushi, kwansunan suna tsaye a jere a kan katakonsu, sai in ɗauki tocila in bi su ɗaya bayan ɗaya in ga tsayin albarushin ya yi daidai a kowanne, kafin in dasa ko ƙwaya ɗaya. A fili kuma, duk harbin da ƙararsa ko bugunsa ya bambanta da saura, tsaya. Cire sakata ka leƙa bututun ta baya.

Akwai alamomin da kwanso ke nunawa in matsi ya yi yawa. Firaima yakan baje har gefensa ya rasa zagayensa, gindin kwanso yakan fito da wani ɗan tabo mai ƙyalli inda ya dannu a fuskar sakata, sakata kuma takan yi nauyin ɗagawa. Ka koyi karanta su, amma kada ka jingina da su, domin sau da yawa ba sa bayyana sai an riga an wuce iyaka. Na'urar auna gudun ƙwaya ta fi su gaskiya: in gudunka ya zarce abin da littafi ya nuna a adadin ƙarshe, da irin tsawon bututunka, to matsinka ma ya zarce, ko kwanso ya nuna ko bai nuna ba.

Sauya abu ɗaya yana sauya lissafi duka. Kwanson soja na 7.62, takwaran .308, yakan fi na kasuwa kauri, cikinsa ya fi ƙanƙanta, awo ɗaya sai ya ba da matsi mafi girma. Ƙwayoyi biyu masu nauyi ɗaya daga kamfanoni biyu ba lalle su yi hali ɗaya ba. Ƙwayar da aka dasa da tsawo har ta taɓa tsagogin cikin bututu tana ɗaga matsi. Zafin rana ma haka, haɗin da ya yi lafiya da sanyi yana iya nauyaya sakata in harsashin ya sha rana a cikin mota. Duk lokacin da ka sauya wani abu, koma baya ka sake hawa.

Shi kansa kwanson yana tsufa. Kowane harbi da kowace matsa tana sa tagulla ta taurare, kuma tana miƙa shi, shi ya sa ake auna tsawonsa a datse bakin. In ya yi tsawo aka bar shi, bakin yakan cushe a ƙarshen mazauni ya damƙe ƙwaya, matsi ya hau. Tagullar da ke ƙaruwa a baki kuwa daga kusa da gindi take tahowa, can ne bango ke sirancewa. In ka ga wani siririn zobe mai haske ya zagaye kwanso ɗan sama da gindi, lanƙwasa bakin wata 'yar waya ka zura ciki ka ja ta a jikin bango. In ta ji kwari a wurin, kwanson ya gama aiki, murƙushe shi da filaya ka jefar. Haka wanda wuyansa ya tsage, da wanda firaima ke shiga raminsa ba tare da ka ji ya kama ba. Wasu suna gasa wuyan kwanso don ya yi laushi ya daɗe, amma wannan ba aikin mai farawa ba ne, domin in zafi ya kai gindi an lalata wurin da ya kamata ya fi ko'ina tauri.

Sai abin da ba ya fashewa amma yana cutarwa a hankali, wato dalma. Tana cikin ƙwaya, tana kuma cikin sinadarin yawancin firaima, don haka ƙurar da ke tashi wajen wanke kwanso tana ɗauke da ita. Ba a ci ba a sha a wurin aiki, a wanke hannu da sabulu, yara da mai juna biyu su nisanci wurin. Albarushi ya zauna a gwangwaninsa na asali, wuri mai sanyi da bushewa, nesa da wuta. Firaima ya zauna a farantinsa da ya zo da shi, kowanne a raminsa. In aka juye su wuri ɗaya a kwalba, ɗaya ya tashi duka sun tashi. Wanda ya zube a share da tsintsiya, ba da injin zuƙar ƙura ba. Tabaran kariya kuma a fuska suke tun daga farko har ƙarshe.

In ka yanke shawarar farawa

Littafin awo za ka fara saya kafin kowane ƙarfe, ka karanta babukan farko har ka fahimce su, in da hali ka samu na biyu daga wani kamfani ka riƙa gwama su. Na'ura kuwa ka ɗauki mai yin aiki ɗaya a kowace ja. Akwai masu juyawa, irin na Dillon, waɗanda ke fitar da cikakken harsashi duk ja ɗaya, suna da kyau ga mai harba ɗaruruwa a mako, amma abubuwa huɗu ko biyar ke faruwa a cikinsu lokaci guda, idon mai koyo ba zai iya bin su ba. Mai aiki ɗaya tana sa hannunka ya san yadda firaima ke zama daidai da yadda kwanso marar mai ke cijewa. Sikelinka ka riƙa gwada shi da ma'aunan tantancewa kafin kowane zama. Ka ajiye littafin rubutu, kowane akwati kuma ka manna masa takarda: kwanan wata, ƙwaya, albarushi da yawansa, firaima, tsawon harsashi, da sau nawa aka harba kwanson. In ka gaji, ko ranka a ɓace yake, ko ana yi maka hira, rufe gwangwani ka tashi. Dattawan nan da ka gani, roƙi ɗayansu ka zauna kusa da shi ka ga aikin da idonka. Mafi yawan masu wannan sha'awa suna son koyarwa. Ka koyi hannu a wurinsa, amma adadi daga littafi za ka ɗauka, kuma kada ka harba harsashin da wani ya haɗa wa tasa bindigar.

Ka ce doka ta yarda a inda kake, duk da haka ka bincika iyakar yardar. A Amurka dokar tarayya ta bar mutum ya haɗa don amfanin kansa, amma sana'ar sayarwa sai da lasisi. A Jamus sai ka yi kwas ka ci jarrabawa ka karɓi izini na musamman kafin a sayar maka da albarushi. A Birtaniya sai ka nuna takardar mallakar bindiga kafin ka sayi firaima. A ƙasashe da dama kuwa haɗa harsashi a gida babban laifi ne mai kai mutum kurkuku, ko da yana da lasisin bindiga, don haka duk mai karanta wannan amsa ya san dokar ƙasarsa ce gaba da komai. Ka kuma duba takardar bindigarka, domin kamfanoni da yawa suna janye garantinsu in an harba harsashin gida.

Ba zan rubuta maka adadin albarushi a nan ba, kuma da gangan ne. Ban ga bindigarka ba, ban auna mazauninta ba, awon da ya zauna lafiya a tawa yana iya yin yawa a taka. Aikina ma ya fi yawa a kan bindigogi masu sakatar hannu. In taka mai sarrafa kanta ce, tana da ƙarin sharuɗɗa wajen gyaran kwanso da zaɓen firaima, sai ka nemi wanda ya ƙware a irinta. In bindigar tsohuwa ce ko ta hannu ka saya, kai ta wurin ƙwararren mai gyaran bindiga ya auna mazaunin kafin ka haɗa mata komai.